Tirelar da Ta Ƙi Bin Motata

Saura wata biyu in yi ritaya na yanke cewa ni da gidan haya a Dubai mun rabu. Tirelar zama zan saya, mai ɗaki da kicin a ciki, in ja ta zuwa garin Hatta, ni da Hajiya mu tsufa a gindin duwatsu.

Sati uku ina zarya wurin wani dillali a kasuwar motoci ta Ras Al Khor. Na auna gado, na ƙwanƙwasa kabad, har lacca na yi wa dillalin a kan esi. Da ya tambaye ni wace mota zan ja ta da ita, na ce ya kama kansa, shekara talatin ina injiniya.

Ranar ɗauka na gayyato abokai, na zo da jif ɗina an wanke ta fes. Ashe wuyan tirelar a cikin bayan a-kori-kura yake zama. Jif kuwa bayanta a rufe yake. Dillalin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas, habibi, magana ta ƙare, ka riga ka sa hannu."

Hajiya ta ce, "Alhaji, ka auna komai ban da motarka."

Tirelar tana ajiye a unguwar Al Warsan tana shan rana, mu muna gidan hayarmu. Har yau in an idar da sallar Juma'a sai wani ya miƙo min hannu ya ce, "Injiniya, ya mutanen Hatta?"