Rasuwar Safaya, Faifan da Ya Mutu Yana Jira

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, Malam Muhyiddin Ɗanmusa, mai kula da kwamfutocin wani asibitin kuɗi a hanyar Azuba, nan Lafia, yake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar faifan ajiyar bayanan kwamfuta mai suna Safaya.

Marigayin ya zo asibitin shekara shida da suka wuce tare da 'yan uwansa goma sha ɗaya, aka jera su cikin babbar na'urar da ke riƙe da fayil ɗin kowane mara lafiya. Sauran suka kama aiki. Shi kuwa aka ba shi gurbin can ƙasa, aka ce ya jira, ranar da wani ya faɗi shi zai ɗauki kayansa. Haka ya zauna, bai taɓa riƙe sunan ko mutum ɗaya ba, bai kuma taɓa ƙorafi ba. Ba a san shi da magana ba sai "zuuu" ƙasa-ƙasa, da "ƙis" guda idan an tada janareta. Malam Muhyiddin ya sha faɗa wa likitoci cewa muddin Safaya na nan, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Ya yi jinyarsa shi kaɗai. Sau arba'in da ɗaya na'urar ta aika saƙon cewa jikinsa ya tsananta, duk suka tafi imel ɗin Seember, wadda ta haɗa na'urar tun farko, ta kuma koma Makurdi bara. Ranar Talata da hantsi, layin awon ciki ya cika, faifai na huɗu ya faɗi. Na'ura ta kira Safaya, bai amsa ba. Da Malam Muhyiddin ya durƙusa ya duba, rabonsa da yin haka tun kafin damina, sai ya tarar wata huɗu ke nan da rasuwar. Ya buga wa Seember. Ta ce, "Oga, ai ran da zan tafi na ce ka canja adireshin." Ya tuna, har da rigar da ta sa ran nan.

Ya rasu ya bar 'yan uwa goma, duk sa'anninsa, suna ɗauke da fayil dubu goma sha tara. Idan ɗaya ya ƙara faɗuwa, shi ke nan, don kwafin ƙarshe na bara ne. Na bakwai ya fara "ƙarr-ƙarr" tun jiya. Ya kuma bar Nas Rekiya, wadda ke kwafe rukunin jinin masu jiran tiyata da biro, da Mama Nguavese ta Assakio, wadda tarihin ciwon sukarinta na shekara biyar ke cikin na'urar, ita kuwa ba ta san sunan ko ƙwaya ɗaya da take sha ba.

Za a zare gawar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a naɗe ta a leda, a kai ta sito. Magajinsa yana Legas, mai kawowa ya ce sati uku. Har ya iso, ana zaman makoki a ƙofar ɗakin na'ura, inda Malam Muhyiddin yake kan kujerar roba yana sauraron faifai na bakwai. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su buga ƙofa don kada girgiza ta ƙarasa shi, kuma duk mai tsohuwar takardar asibiti a gida, ya taho da ita.