Si Bushta Mai Sayar da Hayaƙi

Lalla Zahur ta rasa miji, ta gaji gidan gasa burodin unguwa a garin Taza, inda mata ke kai kwaɓinsu a gasa musu. Ta kuma gaji ƙanin miji, Si Bushta, mai kason gado a gidan burodin, ga baki kamar rediyo.

Ya taɓa wanke kwanuka a Sifaniya, ka ji inda ya zama masanin duniya.

"Ni nan na haddace dabarun gwamnatoci kaf!" in ji shi. "Wasu haraji suke sa wa man fetur, wasu su raba farantan hasken rana. Masu wayon kuwa, hayaƙin da ba ka yi ba suke saye. Matar yaya, ba ni makulli. Mu rufe tanderu, mu kwanta, a biya mu."

"Sai unguwa ta ci me? Bakinka?"

Ya tsaya kan kasonsa, har da barazanar alƙali. Ta wurga masa makullin.

To, gogan ya yi lissafi: sai an ga yawan hayaƙin da zai daina, sannan kuɗin zai yi kauri. Ya tattaro tsofaffin tayoyi da baƙin mai, ya cusa a tanderu, ya cinna wuta, ya aika a kira jami'in muhalli.

Wayyo! Shanyar unguwa ta koma baƙa ƙirin. Burodin mata ya fito da warin gareji. Liman ya yi kiran salla da tari.

Jami'i ya iso, hanci a toshe. Si Bushta ya tarbe shi yana washe baki.

"Duka nawa ne, ranka ya daɗe. Nawa za ku saya?"

"Ka tabbata naka ne?"

"Ni kaɗai! Rubuta sunana da kyau."

Ya rubuta da kyau. Ya ci shi tara mai zafi, sannan ya garƙame ƙofar gidan burodin.

Mata suka biyo shi da burodinsu, suna jifa. Ya faɗo gidan Zahur yana haki.

"Ki rufa mini asiri, ki je ki roƙi jami'an muhalli su buɗe. Zan ba ki rabin kasona."

Ta zuba shayi, ba ta ko kalle shi ba.

"To, kashi biyu cikin uku!"

Ta kurɓa.

"Duka! Wallahi duka!"

"Duka na karɓa," in ji ta. "Da kwat ɗin nan na jikinka. Ina bukatar tsumman goge tanderu."