Ƙofar da Aka Kafa Ba Katanga

"Umma, shi mugun dole ne ya bi ta cikin ƙofar?"

'Yata mai shekara biyar ce ta jefo mini wannan tambaya kwanakin baya da safe, da ƙarfi kuma, a gaban ɗan sandan da ke gadi. Bawan Allah ya yi kamar yana duba wayarsa. Ni kuwa na ja hannunta muka wuce.

Ga yadda abin yake. Makarantarsu tana bayan kasuwa, kullum sai mun ratsa cunkoson kafin mu isa. Da aka ce gwamnati ta ba 'yan sanda tallafin rigakafin ta'addanci, har barci na ƙara yi. Ba a jima ba sai ga ƙofar bincike, irin mai kuka idan mutum na ɗauke da ƙarfe. Sabuwa fil. Aka dasa ta a bakin kasuwa, tsakiyar fili, babu katanga dama babu hagu. Kowa ya kewaye ta ya yi gaba, har masu baro. Yara ne kaɗai ke bi ta ciki don su ji "ƙiii".

Maƙwabcina tela ya ce, "Maman yarinya, ke ce ba ki gane ba. Ƙofar masu gaskiya ce. Mugu kuma kunya za ta kama shi ya koma gida."

Ni dai ba na wasa da hanyar 'yata, don haka na je taron da babban jami'in da tallafin ke hannunsa, Ranka-ya-daɗe Sarkin Yanka Ƙyalle, ya kira. Na ɗaga hannu na ce, "Yallaɓai, a taimaka mana da katanga."

Ya yi murmushi irin na manya. "Baiwar Allah, tallafi yana da ƙa'ida. An yarda a sayi na'ura, a ba da horo, a yi atisaye. Katanga kuwa gini ce, ba a yarda da gini ba."

"To, horon fa? Mai gadin ya samu?"

"An yi horo, a otal. Mu muka wakilce shi."

Allah Ya saka da alheri! Ina ake samun shugabanni masu ɗauke wa na ƙasa wahalar zama a otal? Ofishinsa ma na ga an sa sababbin labule da na'urar sanyaya ɗaki. Wai yanzu sunansa cibiyar sa ido, kuma ido ba ya aiki cikin zafi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu iyaye mata muka kwanto igiyoyin shanyarmu, muka ɗaura daga ƙofar zuwa rumfar mai kwanuka, daga ɗaya gefen zuwa turken lantarki. Ranar kowa ya bi ta ciki. Ƙofa ta yi ta kuka: makulli, tukunya, almakashin tela. Ɗan sandan ya dube ni kamar zai yi hawaye ya ce, "Yaya, in ta yi kuka me zan yi? Ba wanda ya gaya mini." Kafin rana ta take ya zare wayarta, kasuwa ta huta.

Washegari Ranka-ya-daɗe ya iso da masu ɗaukar hoto. Ya tsaya jikin igiyata, ya yaba da "haɗin kan al'umma da muka assasa". Da suka gama, yaransa suka kwance igiyoyin suka zuba a mota, wai za a kai wa na sama shaida. Yanzu 'yata muna zagayawa da ita ta bayan asibiti, ya fi nisa amma hankalina ya fi kwanciya. Wankina kuwa a kan kujeru yake bushewa.

Saboda haka, mai karatu, in ka ji tallafi ya doso unguwarku, ka je taron tun ba a sayi komai ba, ka yi tambaya. In kuma ka makara, to ka gaya wa mutanen gida su ɓoye igiyar shanya.