Rasuwar Hajja Atikuleta, Mai Riƙon Amanar Muƙamuƙin Ba'ana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Mu'mina Umara, mai haɗa haƙoran roba, wadda aka ce ta kankare ta ce ba za ta kankare ba, tana sanar da rasuwar abokiyar aikinta, Hajja Atikuleta, da hantsin ranar Talata a Bulumkutu.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, na'ura ce ta ƙarfe mai kwaikwayon buɗewa da rufewar bakin ɗan Adam. Madam Eucharia, wadda Mu'mina ta gada a aikin, ita ce ta bar mata ita da za ta yi ritaya. Hajja ba ta taɓa yi wa haƙori ƙarya ba. Maganarta ɗaya ce tal: ƙyas, ƙyas.

A gabanta akwai ɗan faifai da wata siririyar sanda ke zamewa a kai, shi ke nuna hanyar haƙoran gaba. Ga yawancin mutane, a karkata shi a ɗaure ya isa. Ban da Baba Ba'ana, manomin shinkafa daga Zabarmari, wanda muƙamuƙinsa ya karye ya ɗore a karkace. Sai da Mu'mina ta zuba ɗanyar roba a faifan, ta bi da sandar hagu da dama har robar ta daskare da sawun taunarsa. Ya ce zai dawo gwaji bayan yankan shinkafa. Ya tafi gona. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Faifan guda ne, ba a kuma samun irinsa a kasuwa. Da aiki ya taru, Likita Habib, mai asibitin da Mu'mina ke aiki, ya ce: "Ke, 'yar boko, kankare robar nan. Matattu ba sa tauna." Ta ce a nuna mata gawa tukuna. Ya nuna mata ƙofa. Ta rungumi Hajja ta hau keke.

Tsatsar da ta kama gaɓoɓin marigayiya tun ambaliyar da ta ci garin ita ce ajalinta. Kullum da safe Mu'mina kan ɗiga mata mai, ta motsa ta, ta ga siffar bakin Ba'ana da ta ɗaura a kanta tana tauna iska. Ranar Talata gaɓar hagu ta ɓalle. Ɗakin ya yi tsit, sai dai har yanzu takan ji ƙyas daga kan kanta idan tana shara.

Marigayiya ta bar sanda ɗaya, sukurori uku, da bakin Ba'ana na farar ƙasa, sama da ƙasa.

Za a naɗe ta a farar rigar aiki, a binne ta bayan gida ranar Juma'a bayan la'asar. Faifan ba zai shiga rami ba. Ana roƙon masu ta'aziyya, har da Yaya Madu, kada su zo da shawarar ta je ta ba Likita Habib haƙuri. Wata tara ke nan Mu'mina ba ta da aiki, asibiti huɗu sun ce sun ji labarin taurin kanta, kuma ko gobe Baba Ba'ana ya yi sallama, ba ta da abin da za ta ƙarasa masa haƙoransa.