Ranar da Mista Stroud Ya Ƙwato Mutuncinsa a Shagon Rhoda

Mu mutanen wannan lungu na Bronx ba mu san a duhu muke zaune ba sai da Allah ya jefo mana Mista Wendell Stroud. Ba ƙaramin mutum ba ne, jama'a. Tsohon Mataimakin Muƙaddashin Daraktan Fitilun Kan Titi ne na wani gari a Ohio, garin da ko shi idan ya faɗi sunansa sai ya haɗa da kwatance. A bakinsa muka ji cewa duk tsawon aikinsa babu ƙwan fitilar da ya taɓa mutuwa ba da saninsa ba. Da ya yi ritaya sai ya ga bai kamata ya bar basira irin tasa ta ruɓe a ƙauye ba, ya kwaso kwat-kwat ɗinsa da lambobin yabonsa ya tare a unguwarmu, wai don ya kusanci 'yarsa.

Kafin ya gama kwance kaya ya riga ya koya wa mai shara riƙon tsintsiya, ya nuna wa ɗan wasiƙa hanyar da ta fi sauri, ya kuma tsare wata tsohuwa a bakin titi ya yi mata bayanin dalilin da ya sa fitilar ƙofar gidanta take kyaftawa. Ba ta tambaye shi ba. Mu kuwa da muka ga irin wannan baiwa sai muka naɗa masa sarautar Hasken Gari, daga baya muka ga sunan ya yi tsawo muka mayar da shi Fitila.

Abu ɗaya ne ya hana Fitila barci: wata kujera. A shagon abincin Rhoda Fishbein akwai wani zagayayyen tebur can ƙurya, kusa da ƙofar kicin, inda mu tsofaffin unguwa muke zama muna gardamar ƙwallo da likitoci da wanda ya mutu. Ba a yanke komai a teburin nan, amma duk wanda ba ya zama a kansa baƙo ne a unguwar ko da a nan aka yanke masa cibi. To ɗayanmu, Lazar, ya gaji da sanyi ya bi rana ya koma Florida, kujerarsa ta zama ba kowa. Fitila ya hango ta ta gilashi, nan take ya gane tasa ce.

"Na lura da wancan zaman naku," in ji shi ga Hershel, wanda ya fi kowa daɗewa a teburin. "Akwai kishi, akwai niyya, amma babu jagoranci. Kada ku damu, na iso."

Abin da ba wanda ya gaya masa, don ba a gaya wa kowa, shi ne ba a roƙon kujerar nan. Rhoda ce ke bayarwa, kuma da zagi take bayarwa. Ita ba ta zagin baƙo. Baƙo sannu da zuwa yake samu, da murmushi, da ruwan sanyi. Sai ta yarda kai nata ne take buɗe maka wuta. Ni nan na yi shekaru ina shan murmushinta kafin ranar da ta ce mini mai kan tulu. Da gudu na koma gida na faɗa wa matata, ta ce barka.

Ranar da Fitila ya zo karɓar mulki, kwat mai ruwan toka ya saka, da jan laktaye, da wata lamba a ƙirji. Ya zauna a teburin da ke daura da namu, ya gyara murya yadda har masu wanke-wanke za su amfana.

"Baiwar Allah, a kawo mini Reuben. Ki sani kina magana da wanda ya ci Reuben a manyan tarurruka na ƙasa, don haka harshena ba ya karɓar algus. Kuma a gaya wa mai dafawa kada ya cika masa kifi."

Dominic na teburinmu ya ƙware da shayi. Tun da aka halicci Reuben, burodin nan mai nama a tsakiya, ba a taɓa jin ya haɗa hanya da kifi ba. Rhoda dai ta yi murmushin baƙi ta ce, "To, Yallabai," ta wuce.

Sai ga shi an kawo, yana tururi. Baƙin burodi an gasa shi da man shanu har ya yi ƙamas, naman sa da ya daɗe a ruwan gishiri an tula shi ya fi tafin hannu tudu, kabeji mai tsami a kai, cuku ya narke yana zubowa ta gefe, ga wata jar miya tana leƙe. Fitila ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu, ya ɗaga ƙaramin yatsa sama, ya soka. Abin ya zame ya yi gabas. Ya sake sokawa, nama ya yi yamma. Ya waiga hagu da dama, ya ajiye kayan aikin, ya sa hannu biyu ya damƙa, ya kafa haƙora.

Wayyo! Tun da ya tare a unguwar nan ba mu taɓa ganin bakinsa yana aikin da ba magana ba sai ranar. Ya rufe ido. Miya ta bi wuyan hannunsa ta shige hannun kwat. Cuku ya yi zare daga leɓensa har kan jan laktaye. Kabeji ya maƙale a gashin baki. Mutumin nan har wani nishi yake yi, yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Wallahi a wannan lokacin mun so shi. Ni har tausayinsa na ji, don na ga ashe a ƙarƙashin lambar nan akwai ɗan'adam mai jin yunwa.

Rhoda ma ta gani. Ta zo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Kai jama'a, ku zo ku ga ƙaton jariri! Kai Fitila, a akurki aka raine ka? Ungo, goge wannan bakin kafin ka kore mini mutane." Ta cire tsumman kafaɗarta ta wurga masa a fuska.

 Zagi a zuwan farko! Ba a taɓa yi ba. Dominic, wanda sai da ya yi furfura kafin a ce masa sakarai, ya juya fuska don hassada. Hershel ya sa ƙafa ya turo kujerar Lazar waje, ƙiiii, ya ɗaga wa Fitila gira alamar bismilla.

Mai Girma Hasken Gari ya cire tsumma daga fuskarsa da yatsu biyu. Ya miƙe tsaye, kabeji na lilo a gashin bakinsa.

"Ni? Ni kika jefa da tsumma? Kin san wanda yake gabanki kuwa? Mutumin da magajin gari da kansa ya taɓa riƙe wa ƙofa! To bari ku ji, ku duka. Wannan tarkacen da kika kawo mini, ba don daɗi na ci ba, bincike nake yi, kuma na kammala. Abincin 'yan dako ne. Mutum mai matsayi naman talo-talo yake ci marar kitse, a farin burodi, ba tsami ba maiƙo. Ina neman ki ba ni haƙuri a gaban jama'a, kuma daga yau ki riƙa kira na yadda ya dace da darajata."

Hershel ya yi ta yi masa alama da hannu ya zauna, ya yi shiru, amma ina! Fitila ya ɗauka tafi ake shirin yi masa, har ya ɗan rusuna.

Rhoda ta sunkuya ta ɗauki tsummanta, ta ninke shi a hankali. Murmushin nan ya dawo, wanda muka fi tsoro.

"Ka yi haƙuri, Yallabai. Kuskure na yi. Ba za a sake ba."

 Hershel ya sa ƙafa ya mayar da kujera mazauninta.

Rhoda kuwa ba ta saɓa alkawari. Tun daga ranar Fitila ya samu teburinsa na musamman a bakin ƙofa, inda iska ke bugun mutum duk sanda aka buɗe. Ana shimfiɗa masa farin adiko. Ana kawo masa talo-talonsa a farin burodi, busasshe ƙayau, daidai yadda ya yi umarni. Kujerar Lazar kuma ta tafi ga Ignatius, tsohon direban bas, wanda Rhoda ta ce wa buhun dankali ya yi dariya har da hawaye.

Duk sanda aka wuce da Reuben zuwa teburinmu, hancin Fitila sai ya raka farantin har ƙurya. Rannan dai ya kasa daurewa, ya kira Rhoda da murya ƙasa-ƙasa.

"Na ce ba, wancan abin na rannan, ina ganin akwai sauran binciken da ban ƙarasa ba."

"Haba, Yallabai!" in ji ta, har da dafa ƙirji. "Ina ni ina ba mutum kamarka abincin 'yan dako? Ai sai Allah ya tambaye ni." Ta ƙara masa ruwan sanyi.

Ya haɗiye miyau, ya gyara laktaye, ya ciro waya ya kira 'yarsa, ya ɗaga murya don mu ji.

"Ke dai bari, Marjorie, na kafa musu tarihi. Duk shagon nan ni kaɗai ake ce wa Yallabai."

Muka daina gardama, muka waiga muka dubi teburin bakin ƙofa. Gaskiya ya faɗa, bawan Allah. Shi kaɗai ne.