Shekarau da Ruwan Soda

A wani ƙauye akwai wata mata, Hurera, mai yin sabulun wanki, da mijinta Shekarau da 'ya'yansu huɗu. Shekarau ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma abin da aka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ga son bin diddigi kamar kaza a juji. Bana Hurera ta zuba duk ƙarfinta a kan sabulun Sallah. In ya lalace, yara ba su da ɗinki.

Wata rana ta jiƙa soda a bokitin roba, sai ruwan ya ɗau zafi don kansa, yadda ya saba. Ta ce, "Malam, in ka ga zafi ya yi yawa, ka kula." Ta dawo daga rijiya ta tarar ya haƙa rami a ƙarƙashin bokitin, yana leƙe. Ya ce, "Wutar nake nema in rage. Wa ya ɓoye ta?"

Wata rana ta ce, "Ka ɗaura leda a hannu, kada ka cire, soda tana cin fata." Bai cire ba. Da ita ya ci tuwo, da ita ya gaisa da liman. Sai da hannun ya yi fari fat kamar rogo ta kwance masa tana salati.

Wata rana ta ce, "Duk tukunyar alminiyam a nisanta ta da soda." Ya tambayi dalili, ta ce ita ma haka aka koya mata. Ya kwashe tukwanen gidan kaf ya kai gonarsu bayan rafi. Ranar garin kwaki aka sha.

Wata rana bokitin ya fara tsagewa, ga man yin sabulun ta riga ta saya. Sai ga mai tallar tukwane a babur, da wata ƙatuwa tana walƙiya.

"Hajiya, wannan ba alminiyam ba ce, ƙarfen waje ne. Tukwanena, ku zuba musu duk abin da kuka ga dama!"

Hurera tana kwance bakin zani za ta ciro kuɗi, Shekarau ya ɗebo ruwan soda ya antaya ciki. Ta dafe kai: ba a biya ba, an ɓata kayan mutane!

Tukunya ta yi shiru. Mai talla ya yi murmushi. Can sai ta fara tsuwa, ta yi kumfa, ta tafasa ba murhu, tururi ya tashi, cikinta ya yi baƙi ƙirin. Ashe alminiyam ce, soda ta cinye ta. Hurera ta janye yara baya, ta dubi jarkar manta da saura kaɗan ta juye a ciki, ta ƙulle bakin zaninta.

Shekarau ya sake cika moɗa ya nufi babur, ya dubi mai talla ya ce:

"Malam, saura sauran. Da wacce zan fara?"

Mai talla bai ko tsaya ɗaure kaya ba.