Ranar da Habu Ya Sake Mutuwa

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rabi 'yar kawuna a Dungas ba, don a nan aka kama ni a gaban mata cike da rumfa da laifin da ban taɓa jin an kama wani da shi ba: na yi wa littafin wata ƙarshe, na bar sunanta a kai.

Lokacin ina aikin buga takardu a wani shagon fotokopi a Magariya. Ƙawata Zuwaira ta ara mini wani littafin Hausa (ba zan faɗi sunansa ba, kunyar da na sha ta ishe ni), labarin wani saurayi Habu da ya tafi neman arziki Aljeriya. Littafin ya sha hannu har bangon baya ya tafi da shafukan ƙarshe. Labarin ya tsaya daidai inda motar su Habu ta mutu a tsakiyar sahara, ruwa ya kusa ƙarewa.

Kullum bayan la'asar nake karanta wa Inna, don ita ba ta yi lekol ba, wato makarantar boko. Abin da ya sa littafin ya kama mu kuwa, yayana Lawali ya bi hanyar nan shekara uku kafin nan. Sau ɗaya ya kira daga Agadas, daga nan shiru. Inna ba ta yarda an yi masa sadaka ba, ba ta kuma yarda an ba kowa ɗakinsa ba. Da muka kusa inda takarda ta ƙare, na ga yadda ta damƙe carbinta, sai na ce idona na ciwo, sai gobe.

Washegari na zauna gaban na'urar shago na dawo da Habu gida. Na turo masa masu raƙuma, na shayar da shi nono, na sauke shi a tasha ranar kasuwa, na ɗora shi a babur ɗin kabu-kabu har ƙofar gidansu. Ina bugawa ina kuka, mai shago yana ta yi mini sannu da mura. Na zaɓi haruffa irin na littafin, na yi fotokopin duka na ɗinke, ya fito tsaf. (A nan ya kamata hankali ya zo mini. Bai zo ba.)

Inna ta saurara har ƙarshe, ta share ido ta ce, "Allah Ya yi wa matar nan albarka. Masu ilimi ba sa rubuta abu haka kawai, ta san ana dawowa." Na ce amin, har da shafa fuska.

Zuwaira kaɗai ta san sirrin. Ta ara wa wata, waccan ta kawo shago a ƙara mata kofi, kafin shekara Habu ya dawo gida a garin Kwaya, ya dawo a Dogo-Dogo, duk inda uwa ke jiran ɗa. In na ji ana cewa ƙarshen ya fi ko'ina daɗi, sai in kumbura a ɓoye.

Ranar wunin bikin, dangin ango sun zo daga Damagaram. Ina tsakiyar cin shinkafa wata ta ce, "Kun ga Hajiyar can mai gilashi, gwaggon ango? Ita ta rubuta littafin Habu." Inna ta miƙe, na riƙe mata gefen zane.

"Inna, ki bari ta ci abinci mana."

"Sake ni. Shekara guda ina yi wa baiwar Allah addu'a, yau na gan ta ki ce in zauna?"

Ta je ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa sa'arta ba. "Hajiya, Allah Ya saka da alheri da kika dawo da Habu. Wurin da ya sauka daga kabu-kabu uwarsa na sussuka, kullum sai an maimaita mini."

Hajiya ta ajiye cokali. "Wane Habu ya dawo? Ai Habu a sahara ya rasu."

Sai rumfa ta kaure. Mata suka hau musu da marubuciya a kan littafinta, wata har tana cewa ƙila Hajiya ta manta ne, girma ya zo. Wata kuma ta zaro fotokopin daga jaka ta miƙa mata hujja. Hajiya ta karanta shafi biyu, ta ɗago ta ce, "Wannan ba hannuna ba ne. Wa ya buga?" Zuwaira (Allah Ya yafe mata, ni har yanzu ina ƙoƙari) ta juyo ta kafe ni da ido. Kowa ya bi idonta.

Da Hajiya ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ta yi magana. "'Yar nan, Habu ƙanena ne, suna kawai na sauya masa. Ban samu binne shi a ƙasa ba, shi ya sa na binne shi a takarda, kuma sai da na yi wata da watanni ina kasa rubuta shafin nan. Ke kin tono shi kin ɗora a babur, da sunana a kai. Littafi yana da mai shi, ko fotokopinsa ba a yi sai da izini, balle ƙari." Ta sake duba takardar. "Hannunki na da daɗi, ban hana ki rubutu ba. Ki nemi naki mutum, ki sa naki suna. Nawa ki bar mini shi inda na kwantar da shi."

Gumi ya jiƙe mini sabon ankon. Amma ba idon mata ne ya fi ƙona ni ba. Inna ce, ta koma mazauninta tana murza bakin mayafi, ba ta sake taɓa abincin ba.

Na yi alkawarin tattaro kofin duka. Huɗu na samu. Wata tsohuwa a Kwaya ta ce in ina son nata in zo da jandarma.

Kwana uku Inna ba ta ta da maganar ba. A na huɗu, bayan la'asar, ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Ɗauko ki karanta mini."

"Inna, kin ji fa. Ni na ƙirƙira."

"Na ji. Ita an kawo mata labarin nata, ni ba wanda ya kawo mini. Cire Habu ki sa Lawali."

Tun ranar na koyi cewa in za ka ta da mutum daga sahara, ka fara tabbatar naka ne. Ban ƙara taɓa na wani ba. Lawali na dawo da shi a takarda ya fi sau goma, kowane da sunana a ƙasa, kuma yanzu mutum ɗaya ne tak zai iya ƙaryata ni. Wallahi da zai shigo cikin taro ya ce ba haka aka yi ba, da na sha wannan kunyar da gudu.